Ra'ayinmu: A Ba Ma'aikatan Bayan Fili Takardar Sana'arsu

Ranar da Kano Pillars ke wasa a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, idon 'yan kallo yana kan mutum ashirin da biyu ne. Amma kafin alƙalin wasa ya busa usur, wani ya riga ya gyara fili ya shata layuka, wani ya tsara tikiti da ƙofofin shiga, wani ya yi wa 'yan wasa tausa ya ɗaure wa mai targaɗe ƙafa, ga masu horarwa, ga masu kula da kayan wasa, ga masu jiran ko-ta-kwana a gefen fili. Waɗannan sun fi 'yan wasan yawa, kuma sun fi su daɗewa a bakin aiki, domin ɗan ƙwallo yakan rataye takalmi tun bai kai shekara arba'in ba, mai gyaran fili kuwa yana iya yin furfura a kan aikinsa. Abin da ya kamata a tambaya shi ne: a ina suka koyi aikin, kuma wa ya shaida sun iya?

Mafi yawansu da ido suka koya. Ba wai babu makarantu ba. Akwai Cibiyar Nazarin Wasanni ta Ƙasa, NIS, wadda aka kafa a 1974 a babban filin wasa na Surulere, shekara guda bayan Legas ta karɓi gasar wasannin Afirka ta 1973, kuma ta yaye masu horarwa da jami'an gudanarwa da dama. Kwalejojin ilimi da jami'o'i irin su Bayero da Ahmadu Bello suna koyar da ilimin motsa jiki da lafiya. Cibiyar koyar da aikin otal da yawon buɗe ido, NIHOTOUR, tana da reshe a Bagauda. Hukumar ƙwallon Afirka tana da lasisinta na masu horarwa hawa-hawa. To amma Legas ta yi wa ɗan Gusau ko Azare nisa, jami'a da kwalejin ilimi malaman makaranta da masu bincike suka fi yayewa, lasisin koci kuma na ƙwallon ƙafa ne kaɗai. Yaro ko yarinyar da suka gama sakandare suna son su ci abinci a harkar wasanni da nishaɗi, ba tare da sun zama 'yan wasa ba, ba su da gajeriyar hanya da za ta kai su ga takardar da mai ɗaukar aiki zai yarda da ita.

Gwamnatin tarayya ta amince da manufar raya wasanni a 2022, wadda ta ɗauki harkar a matsayin kasuwanci, sannan a watan Oktoba na 2024 aka rushe ma'aikatar wasanni aka miƙa aikinta ga Hukumar Wasanni ta Ƙasa. Idan har wasanni kasuwanci ne, to yana buƙatar ƙwararrun ma'aikata. Wannan ne ya sa muke ganin lokaci ya yi da za a tattauna batun takardar shaidar sana'a ta wasanni da nishaɗi, wadda matashi zai samu cikin shekara ɗaya ko biyu, rabi a aji rabi a bakin aiki.

Ƙasar da ta fi kowa cin kuɗin ƙwallo ma ba ta bar yaranta ga sa'a ba. A Ingila, matasan da ƙungiyoyi ke ɗauka tsakanin shekara 16 zuwa 18 suna haɗa atisaye da karatu, kuma da yawansu takardar sana'a ta BTEC a fannin wasanni suke yi, inda ake koya musu yadda jikin ɗan'adam ke aiki, da abincin ɗan wasa, da horar da yara, da tafiyar da wurin motsa jiki. Dalilin a fili yake. Marubucin wasanni Michael Calvin ya ƙiyasta a littafinsa na 2017 cewa cikin yara miliyan ɗaya da rabi da ke buga ƙwallo a tsare a ƙasar, kimanin 180 ne kawai za su taka leda a gasar Firimiya. Idan haka lamarin yake a inda ake da filaye da likitoci da masu farautar hazaƙai, yaya ke nan a unguwanninmu, inda kowane yaro mai gudu yake ganin shi ne Ahmed Musan gobe? Shi kansa Ahmed Musa, da ya tara abin da ya tara, cibiyar wasanni da motsa jiki ya buɗe a Kano a 2017. Wuri irin wannan ba ya neman mai zura ƙwallo a raga. Yana neman wanda ya san na'urorin motsa jiki, ya san yadda ake karɓar baƙo, ya san abin da zai yi idan dattijo mai hawan jini ya yanke jiki ya faɗi.

Wannan batu na rai shi ne hujjar da ta fi nauyi a wurinmu. Ranar 12 ga Agusta 1989 Samuel Okwaraji ya faɗi a filin Surulere ana wasa da Angola, bai tashi ba. Bayan shekara talatin da ɗoriya, a watan Maris na 2020, Chineme Martins na Nasarawa United ya faɗi a Lafiya ana wasa da Katsina United, shi ma ya rasu, kuma rahotannin lokacin sun ce motar ɗaukar marasa lafiya da ke filin ta ƙi tashi. Ajali na Allah ne, babu mai jayayya. Amma wanda zuciyarsa ta tsaya, mintunan farko su ne komai, kuma danna ƙirji da amfani da na'urar farfaɗo da zuciya abu ne da ake koya wa mutum cikin 'yan kwanaki. Waɗannan biyun an san da su ne saboda a manyan wasanni suka faɗi. A filayen unguwa, inda koci yakan zama tsohon ɗan wasa mai kishi amma marar horo, yaron da ya bugu a ka ruwa ake yayyafa masa a mayar da shi fili. A wuraren ninƙaya na otal-otal da wuraren wasan yara, waɗanda ke cika maƙil da Sallah, sau da yawa mai karɓar kuɗin shiga shi ne mai ceto, ko ya iya ruwa ko bai iya ba.

Kada kuma a ɗauka ƙwallon ƙafa ce kaɗai. Dambe ya fita daga fagen kaka ya shiga intanet, har kamfanoni suna shirya shi suna sayar wa duniya. Nijar tana gudanar da gasar kokawa ta takobin ƙasa tun 1975, kuma duk jihar da ta karɓi baƙuncinta takan ga ciniki. Akwai folo a Katsina da Kaduna da Kano, da sukuwa, da barga-bargan da ke buƙatar masu kula da dawaki. Hukumar UNESCO ta sanya bikin kamun kifi na Argungu cikin gadon al'adun duniya a 2016, ta sanya hawan Sallah na Kano a 2024. Baƙon da ya zo Argungu ko Yankari yana buƙatar ɗan jagora wanda ya san tarihi, ya san hanya, ya san taimakon gaggawa. Ga kuma mata, waɗanda likitoci ke ce musu su riƙa motsa jiki saboda ciwon suga ko hawan jini, amma ba za su shiga wurin da namiji ke koyarwa ba. Wannan kasuwa ce da 'ya'yanmu mata kaɗai za su iya riƙewa, in sun sami horo.

Masu ja da wannan shawara suna da hujjoji, kuma ba na wasa ba ne. Uban da ya ce ɗansa ya koyi walda ko gyaran sola ko ɗinki ya san abin da yake faɗi: mai walda yana samun ciniki a kowane ƙauye, mai koyar da motsa jiki kuwa sai a birni, sai kuma inda mutane suka ƙoshi har suka sami rarar kuɗi. Yawancin ƙungiyoyin gasar ƙwallon Najeriya na gwamnatocin jihohi ne, kuma kukan rashin biyan albashi a kan kari ba baƙo ba ne a cikinsu. Kano da Kaduna da Bauchi sun karɓi wasannin kofin duniya na matasa a 1999 da 2009, an kashe kuɗi an gyara filaye, amma kulawar da ta biyo baya ba ta kai ta lokacin gasa ba. Rashin tsaro ya rage masu yawon buɗe ido. A irin wannan hali, in ji su, ƙirƙiro sabuwar takarda ƙara yawan masu yawo da fayil ne kawai, a ƙasar da har yanzu mai babbar difloma ke kukan ana fifita mai digiri a kansa.

Akwai wani tsoron da ya fi wannan. Makarantun ƙwallo na bogi sun riga sun cika gari, suna karɓar kuɗin iyaye da alƙawarin kai yara Turai, wasu har a sayar da gona, yaron ya ƙare a wata ƙasa ba ƙungiya ba kuɗin komowa. Idan aka fito da takarda mai tambarin gwamnati ba tare da sa ido ba, su ne za su fara rataye ta a bango. Sannan akwai haƙƙin tsofaffin hannu. Sarkin dambe da ya yi shekara talatin yana raba 'yan wasa, ko maɗorin da 'yan ƙwallo ke layi a ƙofar gidansa, ko mai barga da ya gaji aikin daga kakansa, bai kamata wata rana a ce musu ba su cancanta ba don ba su iya cike fom da Turanci ba.

Mun auna waɗannan duka. Hujjar rashin aikin yi gaskiya ce rabi. Ayyukan suna nan, ana yin su kullum; abin da ya ɓace shi ne sharaɗin cewa sai wanda ya iya zai yi su. Muddin mai otal zai iya sa ƙanensa gadin wurin ninƙaya, muddin makarantar kuɗi za ta iya ba malamin lissafi darasin motsa jiki, to takarda ba za ta yi daraja ba ko da daga ina ta fito. Ke nan maganin ba ya cikin aji kaɗai, yana hannun masu ba da lasisi. Game da tsofaffin hannu kuwa, an riga an share hanya. Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa, NBTE, wadda aka kafa a 1977 mai hedikwata a Kaduna, tana da tsarin shaidar ƙwarewa na NSQ, wanda ke auna mutum a kan abin da hannunsa ya iya, har ya amince da ƙwarewar da aka samu a wajen makaranta. Da shi aka fara ba masu sana'a na kasuwar Panteka da ke Kaduna takarda. Abin da ya yiwu ga maƙeri da kafinta zai yiwu ga kocin unguwa.

Ra'ayinmu shi ne a yi takardar, a ƙarƙashin wannan tsari na NBTE, tare da NIS da Hukumar Wasanni ta Ƙasa, a kuma koyar da ita a kwalejojin fasaha na jihohi domin ɗan talaka ya same ta kusa da gida. Amma goyon bayanmu yana da iyaka. Ba ma goyon bayan duk wani kwas da za a tallata wa yara da hoton tauraron Turai. A faɗa wa ɗalibi da iyayensa tun ranar farko cewa ana shirya shi ne ya zama mai horar da yara, ko alƙalin wasa, ko mai kula da fili, ko mai ceto a ruwa, ko ɗan jagora, ko mai tafiyar da gidan motsa jiki. Kowane ɗalibi, ko wane reshe ya zaɓa, kada ya fita sai ya iya taimakon gaggawa a aikace, ya san haƙƙin yaran da za a damƙa masa amana, ya kuma iya lissafin shige da fice, domin da yawansu kansu za su ɗauka aiki. A yarda a yi gwajin da Hausa ga wanda ya fi sakewa da ita; ceton wanda ya nutse ba ya buƙatar nahawun Turanci. A ware wa mata gurabe da malamai mata. Cibiyar da ba ta da fili ko wurin ninƙaya ko yarjejeniya da inda ɗalibai za su yi aikin gwaji, kada a ba ta izini.

A fara da waɗanda ke bakin aiki yanzu, kafin a ɗebo sababbi. Kocin unguwa da ke tara yara hamsin kowace yamma ya fi kowa buƙatar horon, kuma amfaninsa zai bayyana a makon da ya dawo. Daga nan sai gwamnatocin jihohi su yi nasu ɓangaren, wanda ba ya cin kuɗi mai yawa: duk otal mai wurin ninƙaya, da wurin wasan yara, da gidan dambe, da makarantar ƙwallo, kada a sabunta masa lasisi sai ya nuna ma'aikaci aƙalla ɗaya mai wannan shaida. Jihohin da ke da ƙungiyoyi a gasar ƙasa, irin su Kano da Katsina, su fara da filayensu, su kuma ba sauran wuraren wa'adin shekara biyu su cika sharaɗin.