Wasiƙa a Buɗe ga Malaman Fiziks kan Lissafin Hauhawar Gudu

Zuwa ga malamai masu koyar da Fiziks a makarantun sakandare.

Dalilin wannan wasiƙa shi ne yadda ɗalibai da dama ke haddace ƙa'idojin motsi, wato v = u + at da s = ut + ½at² da v² = u² + 2as, ba tare da sanin sharaɗin da suka ratayu a kansa ba. Sharaɗin kuwa shi ne hauhawar gudu, wato yawan abin da gudu ke ƙaruwa ko raguwa a kowace daƙiƙa, ta tsaya a kan adadi ɗaya tun daga farkon tafiya har ƙarshenta, domin da zarar ta sauya, amsa ta ɓaci komai kyan lissafin ɗalibi.

Ya fi dacewa malami ya fara da hukuncin da masanan Kwalejin Merton ta Oxford suka kafa a ƙarni na 14, wanda Nicole Oresme ya tabbatar a zane, cewa a ƙarƙashin wannan sharaɗi, tazarar da abu ya ci daidai take da wadda zai ci in ya yi tafiyar duka da matsakaicin gudunsa na farko da na ƙarshe. Mota mai gudun kilomita 72 a awa, wato mita 20 a daƙiƙa, idan burki yana rage mata mita 5 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa, za ta tsaya bayan daƙiƙa 4, kuma tun da matsakaicin gudunta mita 10 ne, ta ci mita 40. Da rabin wannan gudun take yi, da mita 10 kacal za ta ci, abin da ke ba ɗalibai mamaki har sai sun gane cewa lokaci da matsakaicin gudu duka biyun sun ragu da rabi. Wanda ya fahimci wannan yana iya fitar da ƙa'idojin da kansa ko da hadda ta kuɓuce masa a zauren jarrabawa.

Saura batun alkibla, inda kuskure ya fi yawa. Wajibi ne ɗalibi ya zaɓi ɓangaren da zai ba alamar tarawa kafin ya sa lambobi, ya kuma riƙe shi har ƙarshe. Dutsen da aka jefa sama gudunsa kan zama sifiri a ƙololuwa, amma jan ƙasa, mai sauya gudu da kimanin mita 9.8 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa, bai daina aiki a kansa ba, shi ya sa yake dawowa.