Gishirin teku na cin dausayin Everglades

A kudancin jihar Florida ta Amurka, ruwan teku na ci gaba da kutsawa cikin dausayin Everglades, lamarin da ke barazana ga ƙasar da dausayin ke zaune a kanta.

Ita dai wannan baƙar ƙasa ta samu ne daga ganyaye da saiwoyin da suka taru cikin ruwa ba tare da sun gama ruɓewa ba, kuma kaurinta kan ƙaru da kimanin milimita ɗaya kacal a shekara.

Masana sun ce ƙasar tamkar soso take. Tana da manyan kafofi da ruwa ke ratsawa cikin sauri, da kuma ƙanana masu toshewar ƙarshe.

Idan ambaliyar teku ta zo, gishiri kan bi manyan kafofin, sannan ya maƙale a ƙananan. Ko da ruwan sama ya biyo baya, manyan kawai yake wankewa, ƙananan kuwa sai su riƙa sakin gishirin sannu a hankali.

Ke nan shigarsa sauƙi gare ta, fitarsa ce aiki.

Gishirin kan kashe saiwoyin ciyayin da ke riƙe da ƙasar, yayin da sinadarin salfet na ruwan teku ke taimaka wa ƙwayoyin halitta wajen ruɓar da ita. Daga nan sai ta rufta, wurin ya zama kududdufi, iskar kabon da ta daɗe a adane ta fice.

Ba hauhawar teku kaɗai ke da laifi ba. Magudanan da aka haƙa a yankin Cape Sable a shekarun 1920 sun buɗe wa teku hanya, kana titin Tamiami da aka kammala a 1928 ya tare ruwan daɗin da ke gangarowa daga arewa, wanda shi ke tunkuɗe ruwan gishiri.

A shekarar 2000 majalisar dokokin Amurka ta amince da shirin farfaɗo da dausayin, amma sai a 2023 aka aza harsashin babbar ma'adanar ruwa a kudu da tafkin Okeechobee.

Jinkirin na da tsada, domin wannan dausayi ne ke ciyar da ruwan ƙarƙashin ƙasa da mazauna Miami ke sha, kuma ƙasar da ta rufta cikin 'yan shekaru, sai an yi ƙarnoni kafin ta komo.