Bencin Yaranmu, Hannun Kafintocin Garinmu

Duk wanda ya taɓa riƙe alli a makarantar firamare ta gwamnati ya san halin da muke ciki: aji ya cika maƙil, rabin yara a kan tabarma ko a ƙasa, sun ɗora littafi a gwiwa suna rubutu. Idan an tashi, mukan bi ta bakin kasuwa mu tarar da kafintoci zaune a inuwa, zarto a rataye, babu aiki. Wasunsu ma su ne iyayen yaran nan. Ranar da aka tashi sayen benci kuwa, sai a bai wa ɗan kwangila daga birni, ya yanki ribarsa, ya kawo katakon da ba zai ga damina biyu ba.

Muna ganin maganin yana hannun ƙananan hukumomi, ta hanyar ƙarfafa ƙungiyoyin gama-kai na masu sana'a, wato kamfanin da ma'aikatansa su ne masu shi. Kowane memba yana da ƙuri'a ɗaya, ribar kuma ana raba ta tsakanin waɗanda suka yi gumi. Mu malamai abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Da yawanmu da adashi da asusun gama-kai na ma'aikata muka sayi fili ko muka aurar da 'ya'ya.

A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Kundin tsarin mulki na 1999 kuma ya damƙa musu kasuwanni da tashoshin mota da kwashe shara, ya kuma sa su cikin ɗaukar nauyin ilimin firamare. Ke nan suna da abin saye, suna da wurin bayarwa.

Abu na farko da muke nema shi ne ciniki. A ware wani kaso na aikin benci da gyaran rufi da ɗinkin kayan makaranta ga ƙungiyoyin kafintoci da magina da teloli na yankin. A rarraba kwangilar ƙanana-ƙanana yadda za su iya ɗauka. Birnin Preston na Ingila ya bi irin wannan hanya tun daga 2013, inda majalisar birnin da manyan cibiyoyinsa suka karkata sayayyarsu ga masu sana'ar gida, kuɗin ya riƙa zagayawa a cikin gari.

Na biyu, a biya a kan lokaci. Mu da muka ɗanɗani jinkirin albashi mun san abin da wata uku babu biya yake yi wa gida. Babban ɗan kwangila zai iya jira, amma ƙungiyar teloli goma da ta ciwo bashin yadi rushewa za ta yi.

Na uku, a ba su rumfa ko fili a kasuwa da haya mai sauƙi, a kuma sa jami'i ya taimaka musu wajen rajista da koyon riƙe littafin kuɗi. Yawancin ƙungiyoyin da suka mutu a idonmu rashin lissafi ne ya kashe su, sai zargi ya shiga tsakanin membobi da ma'aji.

Akwai haɗari ɗaya da ba za mu ɓoye ba. Mun sha ganin ƙungiyoyin da ake haifa daren rabon tallafi, su mutu da safe. Idan kansila ko shugaban ƙaramar hukuma ne zai zaɓi membobi daga 'yan jam'iyyarsa, an koma gidan jiya. Sai a bar masu sana'a su zaɓi shugabanninsu, a kuma liƙa sunan wanda aka bai wa aiki da kuɗinsa a allon sakatariya kowa ya gani.

Muna kira ga shugabannin reshenmu da su kai wannan batu gaban majalisar ƙaramar hukuma kafin a kammala kasafin kuɗin baɗi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kafintan da ya ƙera bencin da ɗansa zai zauna a kai ba zai yi ha'inci ba, kuma uban da ke da aiki ba ya cire ɗansa daga aji ya tura shi talla.