Masu Zane a Koriya ta Kudu: Tsakanin Shiru da Magana

Duk wanda ya nazarci zanen zamani na Koriya zai tarar cewa a cikin wahala ya girma. Ko Hui-dong, wanda ya buɗe ƙofar zane da fentin mai irin na Turawa, a Tokyo ya yi karatu, ya komo gida a 1915, lokacin da Japan ke mulkin ƙasarsa. A zamanin yaƙin 1950 zuwa 1953, talauci ya sa Lee Jung-seob ya riƙa karce hotunan yara a kan takardar ƙyalli ta kwalin sigari, iyalinsa kuwa suna Japan.

Sai dai muhawarar da ta fi cancantar nazari daga baya ta kunno kai. A shekarun 1970, ƙarƙashin mulkin danniya na Park Chung-hee, su Park Seo-bo suka rungumi salon Dansaekhwa, wato zane mai launi guda, ana ta maimaita layi da fensir bisa ɗanyen fenti. Bayan kisan gillar da sojoji suka yi a Gwangju cikin Mayun 1980, matasan Minjung, ma'ana talakawa, suka zarge su da kame baki. Su kam manoma da ma'aikata suka riƙa sassaƙawa a katako, suna bugawa a takarda.

Masu kare Dansaekhwa sukan ce shirun ma turjiya ne, kuma babu mai musun kyan aikin. To amma hukuma ta san wanda ke hana ta barci: ɗan Minjung ne, Hong Sung-dam, aka jefa kurkuku a 1989 saboda zane, bai fito ba sai 1992.