Gyaran tsofaffin littattafai: Aikin sa-kai da ke jiran masu jin Hausa

Da yawa daga cikinmu sun ɗauka cewa da zarar an ɗauki hoton shafukan tsohon littafi an ɗora a intanet, to an cece shi daga gara da ruwan sama, magana ta ƙare. Rabin aikin ke nan kawai aka yi. A wurin kwamfuta hoton shafi bai bambanta da hoton raƙumi ba, domin ba ta ganin kalmomi a cikinsa. Ba za ka iya neman wata kalma a cikin shafi 400 ba sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya, makaho ba zai iya sa waya ta karanta masa ba, ga kuma nauyin da ke cinye datar ɗalibi kafin littafin ya sauka. Kafin hoto ya zama rubutu sai an bi da shi ta manhajar da ke gane haruffa, wadda ake kira OCR, ita kuwa tana tafka kuskure, musamman idan takardar ta tsufa ko tawada ta dushe. A nan ne ake buƙatar idon mutum, kuma a nan ne dubban 'yan sa-kai a faɗin duniya suka sami abin yi.

Tushen lamarin ya koma shekarar 1971, lokacin da Michael Hart, yana ɗalibi a Jami'ar Illinois ta Amurka, ya buga takardar ayyana 'yancin kan ƙasarsu a kwamfuta don kowa ya samu kyauta. Daga nan Project Gutenberg ya samo asali, wanda a yau ya tara littattafai fiye da 70,000. A shekarar 2000 Charles Franks ya kafa Distributed Proofreaders bisa wata dabara mai sauƙi: maimakon mutum ɗaya ya sha fama da littafi guda na tsawon watanni, a rarraba shi shafi-shafi ga mutane da yawa. Wikisource, ƙanen Wikipedia, ya biyo baya a 2003 da tsari mai kama da wannan.

Yadda aikin yake shi ne, mai gyara zai ga hoton shafi a gefe guda, rubutun da manhaja ta fitar a ɗaya gefen, sai ya bi layi-layi yana gwada su, duk inda suka saɓa ya mayar da rubutun daidai da hoton. A Distributed Proofreaders kowane shafi yakan bi zagaye uku na duba haruffa da kalmomi, sa'an nan zagaye biyu na tsara fasali, kafin wani ya haɗa littafin wuri guda. A Wikisource launi ne ke nuna matsayin shafi: ja idan ba a duba ba, rawaya idan mutum ɗaya ya duba, kore idan wani mutum dabam ya sake dubawa ya tabbatar. Ba a yarda wanda ya yi dubawar farko ya tabbatar da aikin kansa ba. Wanda ya san yadda malamanmu na zaure suke yin muƙabala, ɗaya na karanta asalin littafi ɗaya na bin kwafin da aka juya da ido, ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Mai karatu na iya cewa, to mu ina ruwanmu da littattafan Turawa? Ruwanmu shi ne akwai tsofaffin littattafai cike da Hausa waɗanda hotunansu ke zaune a rumbuna irin su Internet Archive, kuma rubutun da manhaja ta fitar daga cikinsu kan zo a hargitse. Akwai Magana Hausa na J. F. Schön na 1885, wanda ke ɗauke da labarin Dorugu, yaron da ya bi Heinrich Barth zuwa Turai, daga bakinsa. Akwai Specimens of Hausa Literature na C. H. Robinson na 1896. Akwai Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa na Frank Edgar, juzu'i uku da aka buga a Belfast tsakanin 1911 da 1913, da kuma Hausa Folk-Lore na R. S. Rattray na 1913, wanda Malam Shaihu ya rubuta masa da ajami a ƙasar da yanzu ake kira Gana. Ɗan sa-kai a Kanada ko Ostareliya, kome kyawun niyyarsa, ba zai iya gane cewa manhaja ta haɗe kalmomin Hausa biyu ko ta raba ɗaya gida biyu ba sai da wahala, domin shi zanen haruffa kawai yake gani. Kai da ka sha harshen a nono, kunnenka ne zai fara gaya maka akwai matsala tun kafin ido ya gano ta.

Littattafan da aka buga bayan shigowar haruffa masu ƙugiya a shekarun 1930 kuwa, nasu ciwon dabam ne. Manhajar da aka horar da Ingilishi takan karanta ƙ a matsayin k, ɗ a matsayin d, ɓ a matsayin b ko ma lamba 6. Sai ƙafa ta koma kafa, gaɗa ta koma gada, ɓari ya koma bari. Jimlar da ta ce “ya ɓata kuɗi” sai ta fito “ya bata kudi”, wadda yawancin masu karatu za su fahimta da cewa ya ba wata mace kuɗi, mabarnaci ya zama mai kyauta. Irin wannan kuskure ya fi haɗari, saboda kalmar da ta fito ita ma Hausa ce, ba abin da zai ja hankalin mai saurin karatu.

Doka mafi muhimmanci a wannan aiki, kuma wadda na san za ta fi ci wa malaman Hausa da ɗalibansu tuwo a ƙwarya, ita ce: aikinka bin hoton shafi, ba gyara marubuci ba. Edgar ya rubuta “Litafi” da t ɗaya a bangon littafinsa, haka za ka bar shi. Marubutan wancan zamani sukan rubuta “ya che” inda mu muke rubuta “ya ce”, haka za ka bar shi. Schön ya yi amfani da haruffa masu alamomi a kansu da ba ma amfani da su yanzu, su ma sai ka nemo su ka sa. Hannu zai yi ta ƙaiƙayi, musamman ga wanda ya shekara goma yana jan jar tawada a kan takardun ɗalibai, amma duk wanda ya mayar da rubutun 1911 zuwa ƙa'idar rubutun yau ya share shaida. Mai nazarin tarihin harshe yana son ya ga yadda aka ji kalmar a lokacin, wane karin harshe ne ya shiga kunnen mai rubutawa, na Sakkwato ne ko na Kano, da inda Baturen ya kasa bambanta sauti biyu. Ko kuskuren ɗab'i ne ƙarara, tsarin Distributed Proofreaders bai yarda ka gyara shi a ɓoye ba, sai dai ka bar shi ka sa ɗan bayani kusa da shi don mai haɗa littafin ya yanke hukunci. Wanda yake son fitar da bugu na zamani da ƙa'idar yau yana da 'yancin yi, amma wannan aiki ne na biyu, kuma ba zai inganta ba sai na farko ya tsaya da ƙafarsa.

Farawa ba ta da wuya. Rajista kyauta ce, ba a tambayar takardar shaidar karatu. Shawarata ga sabon shiga ita ce ya fara da Distributed Proofreaders ko da a kan littafin Ingilishi ne, domin suna ware littattafai masu sauƙi ga 'yan koyo, kuma gogaggu kan duba shafukansa su aiko masa da bayanin inda ya kauce. Ya karanta ƙa'idojinsu kafin ya taɓa shafi, musamman abin da ya shafi kalmar da aka karya a ƙarshen layi da kanun da ke maimaituwa a saman kowane shafi. Ya sa madannai masu ƙugiya a wayarsa ko kwamfutarsa. Ya faɗaɗa hoton sosai, don r da n idan suka matsu sukan yi kama da m, haka l da lamba 1. Shafi ɗaya ko biyu a rana sun isa. Ido idan ya gaji yakan karanta abin da yake tsammani ne. Bayan hannu ya faɗa, sai ya juya ga littattafan Hausa a Wikisource, wanda ke da zaure na musamman ga harsuna da yawa.

Sai a kiyaye haƙƙin mallaka. Dokar Nijeriya ta 2022 tana kare aikin adabi har shekara 70 bayan rasuwar marubuci. Abubakar Imam ya rasu a 1981, saboda haka Magana Jari Ce ba ta cikin abin da za a kwasa a ɗora ba izini, duk da yadda kwafinta ke yawo a WhatsApp.

Na san za a ce aikin kyauta a wannan marra ta tsadar rayuwa sai mai ƙoshi. Akwai gaskiya a ciki, shi ya sa nake ganin bai kamata a bar nauyin a kan ɗaiɗaikun mutane ba. Sassan koyar da Hausa a jami'o'i da kwalejojin ilimi suna da ɗaruruwan ɗalibai da ake ba su aikin gida kowane zango, wanda yawancinsa a kwandon shara yake ƙarewa bayan an ba da maki. Idan aji mai ɗalibai 60 ya ɗauki juzu'i ɗaya na Edgar, kowa ya gyara shafi bakwai, sa'an nan a yi musaya kowa ya tabbatar da na ɗan'uwansa, an duba shafi 420 sau biyu kafin jarrabawa. Malamin da ke koyar da ƙa'idojin rubutu zai iya ba da makinsa a kan wannan, tunda tarihin kowane shafi yana nuna wanda ya gyara da abin da ya canza.