Gargaɗin Da Bai Isa Zango Ba

Ranar Lahadi, 27 ga Janairu, 2002, gobara ta kama ma'ajiyar makamai ta barikin soja na Ikeja a Ikko, bama-bamai suka yi ta fashewa tun da yamma har cikin dare. Mutum fiye da 1,000 suka rasu, galibinsu kuwa ruwa ne ya cinye su. Gudu suka yi cikin firgici, wasu na zaton juyin mulki ne, wasu na cewa yaƙi ya ɓarke, har suka auka cikin magudanar Oke-Afa wadda ciyawa ta lulluɓe, mai gudu cikin duhu ya ɗauka fili ne. Yara da yawa suna cikin mamatan. Waɗanda ba a gane su ba aka haɗa su kabari guda. Ba wanda ya taɓa faɗa wa bayin Allahn nan inda za su nufa in ta ɓaci.

Tun daga wannan lokaci an sami ci gaba, wannan ba a musu. Jihar Legas ta kafa hukumarta ta agajin gaggawa, watau LASEMA, ga kuma lambobin waya na kyauta, 767 da 112. Kowace shekara kafin damina hukuma takan yi shelar cewa mazauna kwari da bakin ruwa su yi hattara. Abin tambaya shi ne, shelar nan kunnen wa take shiga?

Galibi da Turanci da Yarabanci ake yin ta, a talabijin da jaridu. Ɗan ci-rani kuwa, mai gadi ne ko ɗan garuwa ko mai shayi ko ɗan dako a kasuwar Mile 12, rediyonsa tashoshin Hausa yake kamowa. Yakan san farashin gero a Dawanau, amma bai san an ce ruwa zai yi ambaliya a unguwar da yake kwana ba. Makwancinsa ma shi ne mafi hatsari: rumfar katako a bakin kwata, ko ƙarƙashin gada, ko shago mai ƙofa ɗaya wanda mutum goma ke kwana ciki tare da jarkar fetur. Makafi da guragu da ke zaune a Oko-Baba ta Ebute Metta, ina za su iya gudu in wuta ta tashi da tsakar dare?

Akwai kuma matsalar rashin yarda. Tun da aka hana acaba a wasu sassan Ikko a 2022, talaka ɗan Arewa in ya hango motar hukuma sai ya zaci kamu aka zo yi ko rusau. Wanda ya saba gudun mai kaki ba zai tsaya ya saurari nasiharsa ba, ko da ta ceton ransa ce.

Saboda haka kamata ya yi hukuma ta bi ta ƙofar da jama'a suka sani. Akwai Sarkin Hausawa a Agege, akwai shi a Idi-Araba, akwai a Sabo ta Badun, garin da kogin Ogunpa ya yi wa mummunar ɓarna a watan Agusta na 1980, ruwa ya sāke cin mutum fiye da 100 a 2011. Akwai limamai da shugabannin kasuwa da sarakunan makafi. Sanarwar minti biyar bayan sallar Juma'a ta fi takarda dubu da aka manna a bango. Matan aure da ba su cika fita ba kuwa, malamansu mata na Islamiyya su ne hanyar isa gare su. Kuma lalle ne a ɗauki masu jin Hausa a ɗakin amsa wayar gaggawa, don mutum in ya ruɗe harshen uwarsa kaɗai ke zuwa bakinsa.

Su ma shugabannin zango da nasu laifin. Ana tara kuɗin Maulidi da na naɗin sarauta, amma da wuya a ga tukunyar kashe gobara a masallacin unguwa. Baƙo yakan shekara uku ba wanda ya san sunansa sai "Malam", in ya faɗi a rasa garin da za a aika. Littafi guda ya isa: sunan kowane baƙo, da garinsu, da lambar wani ɗan'uwansa. A kuma zaɓi samari a kowace unguwa, a ba kowannensu tsoho ko makaho ko gurgu wanda zai fara ɗauka in an yi kururuwa, a nuna wa kowa filin da za a taru. Wannan aiki ba ya jiran kasafin kuɗin gwamnati, ana iya soma shi a zaman fadar Sarkin Hausawa na makon nan, kafin ruwan Yuni ya sauka.