Atishawar Kaka: Mura Ce Ko Borin Jini?

Kaka ta yi a Gazara, masara ta shigo gida, ana shirin sussukar dawa. Daga Makarfi har Ikara da Kudan ƙura da ƙaiƙayi sun cika iska, ga hazon hunturu na tafe. Yanzu ne yaro zai tashi da atishawa, a garzaya kemis a sayo Amoxicillin. Uwargida, ki ɗan dakata.

Ba kowace atishawa ce mura ba. Mura ƙwayar cutar bairos ce, ana ɗaukar ta daga wani. Takan zo da ciwon maƙogwaro, kasala, wani lokaci da ɗan zazzaɓi. Majinar kan yi kauri bayan kwana biyu ko uku, kuma cikin kwana 7 zuwa 10 yawanci ta wuce.

Shi kuwa borin jini, wanda likitoci ke kira aleji, jiki ne ke faɗa da ƙura ko garin furanni. Ba ya kawo zazzaɓi, ba ya yaɗuwa. Za ki ga yaro yana murzar ido da hanci, yana jera atishawa, majinar tsinkakkiya kamar ruwa, amma yana wasansa yana cin tuwonsa. Yakan ɗauki makonni, ya kuma dawo duk kaka.

Amoxicillin ba ya maganin ko ɗaya daga cikinsu. Asarar kuɗi ce, kuma yawan shan sa kan sa ƙwayoyin cuta su daina jin magani.

In borin jini ne, ki nisanta yaro daga wurin sussuka da sheƙa, ki yayyafa ruwa kafin shara, ki wanke masa fuska, ki sauya masa riga in ya dawo daga gona. Akwai magunguna irin su Cetirizine, amma ma'aikacin lafiya ne zai faɗi adadin da ya dace da shekarunsa.

Kada ki jira idan akwai zazzaɓi, a je a gwada maleriya. Haka in ƙirjinsa na lotsawa, ko numfashinsa na fito, ko ya kai 50 a minti ɗaya ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5. Wannan na asibiti ne, a ranar.

Allah Ya raya mana zuri'a. Sai mako mai zuwa.